Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan soya mie goreng

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kin ci mie goreng, wato soyayyiyar taliyar 'yan Indonesiya, lokacin Umara, kin dawo kin gwada da Indomie har sau uku, amma kullum sai ta caɓe, kuma ba ta yin duhun nan mai ɗan zaƙi. Ni ma na sha wannan faman, sai da wata maƙwabciyata 'yar tsibirin Jawa ta tsayar da ni a kicin ɗinta lokacin da muke zaune a Jidda.

Duhun da zaƙin daga abu ɗaya suke, sunansa kecap manis (harafin c ɗinsu irin namu ne, karanta shi yadda yake). Soya sos ne mai kauri kamar zuma, wanda ake dafawa da sukarin da suke samu daga itacen kwakwa ko danginsa. In kin sami na kwalba, irin Bango ko ABC, shi ke nan. In ba ki samu ba, mazarƙwaila tana tsaya miki. Ki zuba soya sos rabin kofi da dakakkiyar mazarƙwaila rabin kofi a ƙaramar tukunya, wuta kaɗan, kina juyawa kamar minti 10 har ya fara kama bayan cokali. Yana ƙara kauri in ya huce, don haka kada ki bari ya daskare a kan wuta. Ki duba jikin kwalbar soya sos ɗin kuma, wasu akwai giya a ciki.

Caɓewa kuwa daga tafasa take farawa. Minti 2 ya isa, ki sauke tana da sauran tauri, ki tsane a kwando, ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki yaryaɗa mata man gyada cokali ɗaya. A kasko za ta ƙarasa dahuwa.

Ki daka albasa ƙanana 4, tafarnuwa 3, attarugu da masoro. 'Yan Indonesiya suna sa terasi, wani ƙulli na jatan lande mai ƙarfin wari wanda yake musu aikin da daddawa take mana. Ni garin kirefish nake sawa rabin cokali. Na taɓa gwada daddawar kanta, ta yi daɗi amma ta koma wani abincin daban.

Sai wuta. Nan ne yawancinmu muke kuskure, mu zuba taliya ƙulli 5 a tukunya ɗaya a kan risho mai lumshe ido. Taliyar sai ta yi gumi maimakon ta soyu. Ki sa kasko mai faɗi, ki bari ya yi zafi har mai ya fara hayaƙi, kuma kada ki wuce ƙulli 2 a zubi ɗaya ko da gidan ya cika da baƙi. Ki soya dakan har ƙamshi ya tashi, ki sa tsokar kaza da kika yanka siri-siri, ki ture gefe ki fasa ƙwai ki dagargaza, sai kabeji da karas. Taliya ta biyo baya, ki zuba kecap cokali 2 a gefen kaskon, ba a tsakiya ba, don ya ɗan ƙone kafin ya haɗu da ita. Wannan ɗan ƙaurin shi ne ɗanɗanon da kike nema. Daga zuba taliya zuwa saukewa kada ya kai minti 3.

Garin ɗanɗanon da ke cikin ledar Indomie ki sa rabi kawai, soya sos yana da gishirinsa.

Kada ki raina abin da ake ɗorawa a kai. Soyayyiyar albasa mai ƙaras-ƙaras, lawashi, da kokwamba da karas da aka jiƙa a ruwan khal da ɗan sukari, wanda suke kira acar. Shi yake yanke maiƙon. In babu khal, ki matsa lemun tsami. Ki gwada, in ta sake caɓewa ki faɗa mini irin murhun da kike amfani da shi.