Amsa ga ƙanenmu sabon manaja da yara suka fara rainawa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Na saurari muryar ƙanenmu da aka ba manaja wata uku da suka wuce, wanda ya ce ma'aikata sun fara raina shi, kowa sai lokacin da ya ga dama yake zuwa, yana tambaya ko ya fara ɗaure fuska ne. To ƙanena, kar ka soma. Kwana biyu za ka gaji, su kuma su gane ta aro ce. Ni a yadda na ji ka, ba kirkinka ne ya ja maka ba, kunya ce. Nauyin cewa a'a kake ji.

Shekarata tara ina riƙe da gidan burodi a Kaduna. Da na kama aiki akwai wani dattijo mai kwaɓi, sa'an mahaifina, Baba muke ce masa. Ƙarfe huɗu na asuba ake fara kwaɓi, shi sai biyar da rabi. Kwaɓi ya makara, gashi ya makara, kafin direba ya fita masu shayi sun karɓi na wasu. Wata guda cur ina gaishe shi ina haɗiye maganar. Sai ran nan na yi wa wani yaro faɗan latti, ya dube ni ya ce, "Oga, ai ba ni kaɗai ba ne." Wallahi bakina ya mutu.

Washegari na kira Baba ofis, na tura ƙofa, na ba shi kujerata, ni na zauna kan buhun fulawa. Na ce, "Baba, ni ɗanka ne, amma lattin nan yana kashe mana ciniki. Lafiya kuwa?" Ya daɗe yana murza hularsa. Ashe matarsa ce a kwance, ba ya iya fita sai 'yarsu ta zo bayan sallar asuba. Ka ga da a gaban yara na tsare shi, da ban taɓa jin wannan ba. Na mayar da shi kwaɓin rana, na ba shi rance aka rubuta a littafi. Amma kafin ya tashi na ce, "Baba, ƙarfe biyu fa, ba biyu da kwata ba." Bai sake makara ba.

Yauwa, sai batun yanke albashi da wani ya ba ka shawara. Ka yi a hankali. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta yarda ka ci ma'aikaci tara don ranka ya ɓaci ba, kuma ta ce a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da kamawa. Rubuta lokacin zuwa da na tashi, kowa ya sa hannu. Albashi kuma ya fita a kan kari, don in ya kai goma ga wata ba a biya ba, ba ka da bakin yi wa kowa faɗa.

Wanda ya fi ba ni wahala ɗan ƙanwar mai gidan ne, shi ke karɓar kuɗi, kullum lissafi ba ya cika. Takardar gargaɗi biyu na ba shi, a na uku na ɗauki littafin na kai wa mai gida. Shekara ɗaya ya yi da mu, wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba kuwa sanarwar mako guda doka ta ce, sai na biya shi kuɗin makon ya tafi. Har yau in mun haɗu da uwarsa a wajen biki ba ta amsa gaisuwata. Ina gaishe ta dai.

Gobe ka fara da wanda ka fi jin nauyinsa, shi kaɗai, a ofis. Bari in tsaya nan, ga motar fulawa ta iso.