Amsa ga mai shirin kai ɗanta aji ɗaya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki na fari zai shiga aji ɗaya a watan Satumba, kina son sanin yadda ranar makaranta take tafiya da abin da malamai ke jira daga gida. Allah ya raya mana shi. Ni yara huɗu na kai firamare a nan Kano, biyu a ta gwamnati, biyu a ta kuɗi, babbar har ta shiga ƙaramar sakandare. Bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Tun da daddare ake fara shirin gobe. Yunifom a goge, safa a cikin takalmi, fensir a feƙe, jaka a rataye bakin ƙofa. Na sha barin wannan sai da safe, ga wuta a ɗauke, ga koko a kan murhu, ga yaro yana kukan safa ƙafa ɗaya ta ɓata. A makarantar yarana bakwai da rabi ake kaɗa ƙararrawa a yi layi, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a duba farce da kai da tsaftar kaya, takwas a shiga aji. Wanda ya makara zai tarar da mai gadi ya ja ƙofa, ko tsintar leda ko tsallen kwaɗo. Kuma tsakani da Allah, makarar ɗan shekara shida ba laifinsa ba ce, tamu ce. Af, kada ki yi mamaki in ya dawo yana rera taken da ba shi kika rera ba. A watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. A gidanmu kakarsu ce ta gyara musu baitukan, ni ina gefe ina kame-kame.

Kada ya fita da ciki wayam, ko ɗumame ne ko koko da ƙosai. Ki haɗa masa goran ruwa da ɗan abin da zai ci in an fita tara. Ni na fi son abinci a kwano a kan kuɗin tara ga ɗan aji ɗaya, don kuɗin ko ya faɗi, ko manya su karɓe, ko ya ƙare a alawa da ƙanƙarar leda. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 yakan zo yakan tsaya, kada ki ɗora tukunyarki a kansa.

Ƙananan azuzuwa sukan riga manya tashi, ranar Juma'a kuma kowa da wuri yake tashi saboda masallaci. Ki tambayi lokacin daidai, ki tsayar da mutum ɗaya mai ɗauko shi, ki nuna shi ga malamar aji da mai gadi. In mai adaidaita sahu kuka ɗauka haya da maƙwabta, ki ƙirga yara nawa yake lodawa kafin ki amince.

Inda nake son ki fi ba ni hankalinki shi ne jaka. Kullum ya dawo ki buɗe ta, ki buɗe littattafan rubutun shafi-shafi. A nan za ki ga jingar da aka ba shi, da takardar sanarwa da ta dunƙule a ƙasa ta jiƙe da man awara, da jan biron malama, ko rashinsa. Ɗana na biyu ya kusan cinye zango guda ban lura ba. Ranar da na zauna na duba, sai na ga kowane layi rabi yake kwafa, haruffan kamar kaza ta yi tono. Na fara faɗa, har na ɗauko maganar wasa ya yi masa yawa. Sai ya ce, "Umma, ba na ganin allon." Ashe can ƙurya yake zama, aji ya haura mutum tamanin, idonsa kuma ba ya hango nesa. Washegari na je na sami malamar, ta dawo da shi gaba, muka kai shi asibiti aka ba shi tabarau. Ban ga laifinta ba. Mace ɗaya da alli a hannu, yaya za ta san wanda ke lumshe ido a layi na ƙarshe?

Daga nan na koyi zuwa makaranta ba sai an kira ni ba. Ki je ki gaisa da malamar aji a makon farko, ki karɓi lambarta, ki faɗa mata in yana da wata lalura kamar asma ko sikila. In ya kawo ƙarar an dake shi, ki saurare shi, amma kada ki zagi malama a gabansa. Ki je da kanki ki ji, in abin ya wuce gona da iri ki ga hedimasta. Taron iyaye da malamai ma ki daure ki riƙa zuwa, ko babansa ya je. Da yawa ba sa zuwa, sai an yanke kuɗin gyaran banɗaki a bayansu su zo suna ƙorafi.

Jinga kuwa, ki zauna kusa da shi amma kada ki karɓi fensirin. Malamai suna gane rubutun uwa tun daga nesa. Minti ashirin ya ishi ɗan aji ɗaya. Mu bayan Magariba muke yi, don daga boko sai abinci, ɗan barci, La'asar ta yi a tafi Islamiyya, ga hadda tana jira. Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya nakan bar su su yi wasansu, ban yarda a cusa musu wani lesin a ciki ba.

Maganar kuɗi a taƙaice. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara kyauta ne kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Amma ko a ta gwamnati littafin rubutu da takalmi da fensir suna wuyanki, wani lokacin har tsintsiya. A ta kuɗi zango uku ne, biya uku, ga littattafai, ga kayan wasanni, ga bikin ƙarshen shekara. Ki nemi a rubuta miki duka tun kafin rajista, ki tafi da takardar haihuwa da katin rigakafi. Fensir ki sayi dozin ki ɓoye, ki riƙa ba shi ɗaya-ɗaya. Ki rubuta sunansa a kan komai, musamman rigar sanyi, don da hunturu ya shigo rana na ɗagawa suke tuɓewa su manta. In kin ga ƙaranbau ko jan ido ko zazzaɓi, ki bar shi a gida ki aika wa malama.

Ranar farko zai iya riƙe miki hijabi yana ihu. Ki miƙa shi, ki ce za ki dawo in an tashi, ki juya ki tafi, kada ki tsaya leƙe ta taga. Autana kwana uku ya yi yana wannan kukan, ran na huɗu ko waiwayo bai yi ba, ni ce na tsaya a bakin ƙofa ina share ido da gefen mayafi.