Za a iya korar ƙarata tun ban buɗe baki ba?

Tambaya: Barista, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Wani ya ci bashina shekara bakwai, amma shekara biyu da suka wuce ya turo wani abu ta banki. Na kai ƙara, sai lauyansa ya nemi alƙali ya kore ta tun kafin a kira shaidu, wai lokaci ya wuce. Barci ya ƙaurace mini. Kuɗina sun tafi ke nan?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka, amma kada ka yi sake. Gaskiya ne a dokar Jihar Legas wa'adin ƙarar bashi irin naka shekara 6 ne, na fili kuma 12.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganar da nake ji kullum daga Agege har Alaba Rago: "shekara shida ta cika, bashi ya mutu." Wa ya faɗa? Masu shawagi a ƙofar kotun Ikeja da fayil a hammata ne ke yaɗa ta, mutane na yafe haƙƙinsu a banza. Daga yaushe za a fara ƙirgen? Idan mutum ya biya wani ɓangare, ko ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ƙirge ya koma farko. To, ya biya ko bai biya ba? Kuɗin nan na tsohon bashi ne ko na sabon kaya? Wannan ba a gane shi daga muhawarar lauyoyi, sai an ga takardun banki, an tsare shaidu da tambaya. Alƙalin da ya yanke kafin nan, kan zato ya yanke.

Kuma kuskure a nan tsada gare shi. A shari'ar Amadi da NNPC, shekara 13 aka kwashe ana jayayya kan hurumin kotu, sai a 2000 Kotun Ƙoli ta mayar da ita kotun farko a fara sauraro. Cikin irin wannan jira shaidu ke mutuwa, rasit ya ɓace.

Ban ce roƙon a kori ƙara tun kafin a kira shaidu ba shi da amfani ba; in kotu ba ta da hurumi ƙarara, gara a sani da wuri.

A wannan mataki takardar da'awarka, wato wadda ka shigar da ƙara da ita, alƙali zai duba. Tambayi lauyanka yau: ya rubuta ranar biyan nan da adadinsa a ciki? In bai rubuta ba, ya nemi izinin gyara. Ka karɓo bayanan asusunka daga banki da hatiminsu, sannan ya roƙi kotu ta jingine batun wa'adi sai an ji shaidu.