Me Ya Sa Samfurin Jirgin Yaƙin da Na Haɗa Ya Fito Kamar Abin Wasan Yara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Kaduna ne, kuma yayana da ke aiki a ƙasar waje ya aiko mini da kwalin samfurin jirgin ruwan yaƙin Jamus mai suna Bismarck, na kamfanin Tamiya, a ma'aunin 1/350. Kafin wannan na taɓa haɗa wani ƙarami, na bi takardar umarni daki-daki, na shafa masa fenti ruwan toka, amma da na gama sai ya fito tamkar abin wasan yara da ake sayarwa a kasuwa, ko kusa bai kama ƙafar waɗanda nake gani a hotuna ba. Ba na so in ɓata wannan babban. Ina kuskuren yake, kuma da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka wa yayanka da alheri, domin ya zaɓo maka abu mai kyau. Abin da ya same ka ya sami kusan duk wanda ya shiga wannan harka, kuma tushensa ba rashin iya fenti ba ne kamar yadda mutane da yawa suke zato. Takardar umarni tana nuna maka inda kowane sashe zai zauna ne kawai. Ba ta koya maka yadda za ka sa ido ya yarda cewa abin da yake kallo ƙarfe ne mai nauyin dubban tan.

Mu fara da ma'anar 1/350, wato an rage girman komai na jirgin sau 350, domin duk sauran bayanin a kanta ya rataya. Tsawon Bismarck na gaske mita 251 ne, saboda haka naka zai kai kusan santimita 72 idan ka kammala shi. Ma'aikacin jirgi mai matsakaicin tsayi, idan aka rage shi zuwa wannan ma'auni, ba zai wuce milimita 5 ba, wato kamar ƙwayar shinkafa. Shingen ƙarfen da ke kewaye da gefen jirgi, wanda tsayinsa yake kusan mita ɗaya, zai dawo milimita 3, igiyar ƙarfe mai kaurin santimita 2 kuwa za ta koma daidai da silin gashin kai. Haka kuma, idan ka tsaya tazarar mita ɗaya daga samfurin, daidai yake da kallon jirgin gaske daga nisan mita 350. Daga irin wannan nisa ba a ganin ƙyallin fenti, ba a ganin baƙi wuluk ko fari fat, saboda iska da tururin ruwa da ke tsakani sun riga sun dusashe launuka. To, abin wasan yara yana da alamomi uku da ido yake ganewa nan take: yana ƙyalli, launinsa ɗaya ne daga goshi har baya, kuma duk abin da ya kamata ya zama siriri a jikinsa yana da kauri. Ina kyautata zaton jirginka na farko ya haɗa su duka.

Kafin ka yanke ko sashe ɗaya, akwai shawarar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci, ita ce ka zaɓi rana guda a rayuwar jirgin, ka ce ita za ka gina. Jirgin yaƙi ba ya zama da kama ɗaya. Kamfanin Blohm & Voss ne ya ƙera Bismarck a Hamburg, aka tura shi ruwa ranar 14 ga Fabrairu 1939, ya shiga aikin soja ranar 24 ga Agusta 1940, ya nutse ranar 27 ga Mayu 1941. A cikin waɗannan watanni tara kacal ya canja kama fiye da sau ɗaya. Lokacin da yake atisaye a Tekun Baltik a farkon 1941, yana ɗauke da fentin ɓad-da-kama: manyan ratsin baƙi da fari a karkace, goshinsa da bayansa an yi musu toka mai duhu, sannan aka zana farar igiyar ruwa ta ƙarya domin maƙiyi ya ɗauka jirgin ya fi yadda yake gajarta. Ranar 21 ga Mayu 1941, yana tsaye a mashigin ruwan Grimstad kusa da Bergen a Norway, ma'aikatansa suka shafe ratsin da fenti ruwan toka, kuma a ranar ce wani jirgin saman leƙen asiri na Birtaniya ya ɗauki hotonsa. Don haka Bismarck ɗin da ya nutsar da jirgin Birtaniya mai suna Hood ranar 24 ga Mayu ba mai ratsi ba ne. Wanda ya zana ratsin nan, sannan ya rubuta a ƙasa cewa wannan jirgin ne a ranar arangama da Hood, ya haɗa abubuwa biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. A matsayinka na mai aiki na biyu, ina ba ka shawarar ka ɗauki kamar da yake da ita bayan Norway, domin ta fi sauƙi, kuma za ka mai da hankalinka ga abubuwan da suka fi tasiri.

Wannan zaɓi shi ne zai yanke maka hukuncin tsatsa. Sabbin shiga sukan cika jirgi da jan tsatsa suna ganin shi ne kamannin gaskiya, alhali wannan jirgi sabo ne dal, abin alfaharin rundunarsa, da ma'aikata fiye da dubu biyu masu wanke shi da gyara masa fenti. Ɗan zirin tsatsa a ƙarƙashin ramin da sarƙar anga take fita, da ɗan dattin ruwa a bakin layin da teku ke taɓawa, sun wadatar.

Game da haɗawa, ka fara wanke sassan robar da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka, saboda akwai maiƙon masana'anta a jikinsu da ke hana fenti kamawa. Kada ka karya sashe da hannu daga sandunan da ke riƙe da shi. Ka yanke shi, ka goge wurin da sanfefa mai laushi. Gam ɗin da ya dace da roba shi ne mai tsinki kamar ruwa, irin Tamiya Extra Thin, wanda ake haɗa sassa biyu tukuna sannan a taɓa bakin buroshinsa a tsagar, shi da kansa ya bi ta ya narkar da su su zama ɗaya. Kada kuma ka gina jirgin gaba ɗaya sannan ka zo fenti. Gangar jiki daban, gine-ginen sama daban, bututun hayaƙi daban, gidajen igwa huɗu da Jamusawa suka raɗa wa Anton, Bruno, Caesar da Dora su ma daban, kowane a yi masa fenti kafin a haɗa. Wannan samfuri na Tamiya tsohon ƙira ne, tun ƙarshen shekarun 1970, yana haɗuwa lafiya lau amma yana da raunin zamaninsa: matakalansa curin roba ne, kuma babu shingen gefe a cikin kwalin ko kaɗan. Ka kankare waɗannan matakalai da wuƙa mai kaifi, ka huda ƙananan tagogin gefe da siririn abin huda, ka kuma huda bakin manyan igwogin takwas. Aikin yamma ɗaya ne, amma bambancin da yake kawowa yana da girma.

Sai fenti. Ka fara da fentin shimfiɗa ruwan toka a ko'ina, domin shi ne zai riƙe na sama, kuma shi ne zai tona maka duk tsagar da ka manta ba ka cike ba. Ƙasan jirgi ja ne mai duhu, irin XF-9 na Tamiya, sai ɗamara mai duhu a layin ruwa, sai gangar jiki toka matsakaiciya, gine-ginen sama kuma toka mai haske fiye da ita. Wannan bambanci tsakanin toka biyu yana daga cikin abin da ke raba jiragen Jamus da na wasu, kuma wanda ya shafe duka da toka ɗaya ya kashe jirgin tun kafin ya gama. Kowane launi ka ƙara masa ɗan fari, misalin kashi ɗaya cikin goma, saboda dalilin nisan da na ambata. Na'urar feshi ta fi, amma idan babu ita buroshi mai faɗi da laushi zai yi, muddin ka tsinka fentin ya koma kamar madara, ka yi shafa uku ko huɗu marasa kauri, kana barin kowace ta bushe. Shafa ɗaya mai kauri takan binne duk ƙananan zanen da aka yi a jikin robar.

Daɓen jirgin katako ne, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci, domin shi ido yake fara sauka a kai idan mutum ya leƙo daga sama. Katakon da rana da ruwan gishiri suka dake shi, ake kuma goge shi kullum, ba ruwan ƙasa ba ne irin na teburin ofis. Ya fi kusa da launin busasshiyar kara, da ɗan toka-toka a ciki. Ka shimfiɗa launi mai haske, sannan ka ɗauki siririn buroshi ka bi wasu alluna nan da can, wannan ka ɗan ƙara masa duhu, wancan ka ɗan ƙara masa haske, ba tare da wani tsari da ido zai iya kamawa ba. Da farko zai yi maka kama da ɗinkin tsumma, kada ka firgita; idan ka bi samansa da launin farko wanda aka tsinka sosai, sai bambancin ya lafa ya koma kamar katako na gaske. Ana sayar da siririn katako mai gam da aka yanka daidai da daɓen, yana kuwa da kyau, sai dai zanen jijiyarsa na itacen gaske ne, wanda a wannan ma'auni ya yi girma. Ni dai na fi natsuwa da fenti.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A watannin zafi, fentin ruwa yakan bushe a iska kafin ya isa jikin jirgi, sai fuskar ta yi kaushi kamar an watsa yashi, saboda haka ka yi feshi da sassafe, ka ƙara ɗigon sinadarin da ke jinkirta bushewa. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: da ka gama shafa, ka kifa kwali ko babbar roba mai tsabta a kai. Kada ka yarda ka shanya shi a rana. Na taɓa barin gangar jikin wani jirgi a cikin mota na 'yan awoyi a watan Afrilu, na dawo na tarar ta murɗe, daɓen ya ƙi zama a kanta har abada. Ka kuma buɗe taga yayin aiki, ka nesanta wuƙa da ƙananan sassa daga hannun yara.

Maganin matsalar kauri shi ne faranti na siririyar tagulla da aka zana sassa a jikinsa da sinadari, irin wanda kamfanoni kamar Eduard na ƙasar Cek suke yi. Cikakken saiti yana da ɗaruruwan sassa, kuma yakan sare wa mutum gwiwa. Kai dai ka nemi shingen gefe da matakalai da ragar na'urar hango jirage. Ana yanka shi a kan abu mai tauri kamar gilashi, a lanƙwasa da reza biyu, a ɗauka da hantsaki. Ka yi masa fenti tun yana kan farantinsa. Wajen dasa shinge kada ka ɗauko dogon zare gaba ɗaya: ka yanka shi tsawon ɗan yatsa, ka ɗiga farin gam na kafinta wuri biyu ko uku da tsinken sakace domin ya ba ka damar gyara zamansa, idan ya tsaya daidai sai ka bi gindinsa da ɗan gam mai kamawa nan take. Wayoyin da ke tsakanin dogayen sandunan jirgi kuma, zaren ɗinki ya yi musu kauri, ga shi da gashi-gashi. Ka ɗauki guntun sandar robar da ta rage a kwali, ka riƙe ta a saman kyandir har ta yi laushi, ka janye ta daga wutar ka ja hannuwanka a hankali, za ta miƙe ta zama zare mai sirantar gashi.

Abin da zai ba jirgin zurfi shi ne inuwa. Bayan launuka sun bushe, ka rufe su da fenti marar launi mai sheƙi, ka bar shi kwana biyu. Daga nan ka tsinka fentin mai irin na masu zane, toka mai duhu, har ya zama kamar ruwan shayi, ka taɓa shi a gindin ƙofofi da tagogi da lungunan gine-gine, zai gudu da kansa ya zauna a ramuka. Rarar ka share ta da audugar goge kunne, kullum daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama yake gangarowa a jikin ƙarfe. A ƙarshe ka fesa fenti marar launi kuma marar ƙyalli a kan komai, shi ne zai ɓoye tabon gam ya kuma kashe sheƙin da ya ɓata maka aikin farko.

Tun da ka riƙe jirgin Blohm & Voss a hannu, ka sani cewa wannan kamfani ne ya ƙera wa rundunar sojan ruwan Nijeriya jirginta NNS Aradu, mai sunan Hausa, wanda ya shiga aiki a 1982. Tsawonsa kusan rabin na Bismarck ne, wato a ma'auninka zai kai kimanin santimita 36.

Shawarata ta ƙarshe a aikace ita ce kada ka jefar da ƙaramin jirgin nan da ya ba ka haushi. Ka mai da shi allon gwaji: duk haɗin launi, duk ruwan inuwa, duk shingen da za ka lanƙwasa, ka fara jarraba shi a jikinsa kafin ka kai hannu ga babban. Ka kuma auna wurin ajiya tun yanzu, ka sa mai gilashi ya yanka maka akwati mai tsawon akalla santimita 80, domin da zarar ka ɗaura wayoyi da shinge, ba za ka ƙara iya share masa ƙura da tsumma ba.