Amsa: Haɗa kifin zinare da kwaɗin ruwa a tanki ɗaya

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kana da tankin gilashi mai cin lita 60 da kifin zinare guda biyu, ka kuma ga wasu ƙananan kwaɗin ruwa a wajen mai sayar da kifin ado, shi ne kake tambaya ko za su zauna tare. Shawarata ita ce kada ka haɗa su. Amma dalilin ya danganta da irin kwaɗon da ka gani, domin iri biyu ne ke yawo a kasuwa, kuma suna ƙanana sau da yawa mai sayarwar ma ba ya bambance su.

Ka koma ka duba ƙafafun gaba. Idan akwai fata mai haɗe yatsun, irin ta ƙafar agwagwa, idanun kuma suna gefen kai, hancin da ɗan tsini, to ƙaramin nau'in ne, Hymenochirus, ɗan asalin dazukan yankin Kwango da Kamaru. Tsawonsa ba ya wuce santimita 4 da kaɗan. Idan kuwa yatsun gaba a warware suke, idanu suna saman kai, ga baƙaƙen farata uku a kowace ƙafar baya, wannan Xenopus laevis ne, ɗan kudancin Afirka, wanda tamatarsa ke kai santimita 12. Fararen nan zabiya masu jajayen idanu kusan dukkansu Xenopus ne, ko da an ce maka ba sa girma.

Mu fara da ƙaramin, tunda shi mutane suka fi sha'awa. Matsalarsa ta farko zafin ruwa ce. Yana son digiri 24 zuwa 27, kifin zinare kuma ya fi sakewa a tsakanin 18 da 23. A ƙasa mai zafi wannan gibin yakan rufe da kansa, don ruwan ɗaki yana kai 26 ba tare da hita ba, kifin kuma yana jurewa. Sai dai da hunturu ruwan kan sauka ƙasa da 20 da daddare. Kifin ko a jikinsa, kwaɗon kuwa sai ya daina cin abinci, cuta ta samu ƙofa.

Babbar matsalar ita ce ci. Wannan kwaɗo ba ya gani sosai, da ƙamshi yake neman abinci. Za ka ga tsutsa a gaban hancinsa, ya tsaya cik, ya kai cafka ya kuskure, ya juya ya cafki ƙafar ɗan'uwansa, sai bayan minti biyar ko goma ya samu. Kifin zinare kuwa ba shi da tumbin ajiye abinci, wuni yake yana tsotsar ƙasan tanki, duk abin da ya faɗo cikin daƙiƙoƙi ya shanye. Saboda haka kwaɗon yana ramewa a hankali ba ka lura ba, sai ka ga cikinsa ya shafe, ƙashin ƙugu ya fito. Masu kiwo da yawa, don su cece shi, sai su ƙara yawan abinci, kifin ya cinye, kashi ya ƙaru, ruwa ya lalace. Bayan haka ga batun girma: kifin zinare mai jela biyu yana kai santimita 15 zuwa 20, mai dogon jiki ya kai 30. Ranar da bakinsa ya isa, zai gwada haɗiye kwaɗon. Wani lokaci kwaɗon ya maƙale masa a maƙogwaro, a yi asarar duka biyun.

Da Xenopus lamarin juyawa yake. Zafin ruwa ya dace, don shi ma 18 zuwa 22 yake so, kuma ba a yi masa wayo wajen ci. Ba shi da harshe, da hannayensa yake tura abinci baki, duk abin da ya motsa kuma ya shiga bakin nan ya tafi. Ƙaramin kifi abincinsa ne. Babba kuma, musamman mai dogayen jela da ke iyo a hankali ko mai kumburarrun idanu, da dare yake damƙar jelarsa ya yage ta da faratan baya, ka wayi gari ka ga jela a tsattsage, daga nan ruɓa ta shiga.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne magani. Kwaɗo yana shan duk abin da ke cikin ruwa ta fatarsa. Kifin zinare kuma yana yawan kamuwa da cutar fararen ɗigo, wadda ake yi wa magani da gishiri, ko magungunan da ke ɗauke da jan ƙarfe, malachite green ko fomalin. Waɗannan duka suna iya kashe kwaɗo a adadin da kifi ke jurewa. Ke nan duk ranar da kifi ya yi ciwo dole ka fitar da ɗaya daga cikinsu, jan ƙarfe kuma yana maƙalewa a tsakuwa da soson matatar ruwa, wato filta, ko bayan an canja ruwa. In dai sai ka tanadi tanki na biyu don irin wannan rana, gara tun farko ka ba kwaɗin shi.

Sannan lita 60 ɗin nan, gaskiya ko kifin biyu ma ya yi musu kaɗan. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce kimanin lita 75 ga kifi na farko mai jela biyu, a ƙara 40 ga kowane na gaba. Kifin zinare yana fitar da amoniya da yawa, wato sinadari mai dafi da ke fita daga jikin kifi da kashinsa, shi ya sa yake buƙatar matata mai juya ruwan tanki aƙalla sau 5 a awa. Wannan ƙarfin ruwa shi ne ƙaramin kwaɗo ba ya so. Da huhu yake numfashi, dole ya riƙa hawa sama yana shaƙar iska, kuma ba gwanin iyo ba ne; igiyar ruwa mai ƙarfi da zurfin da ya wuce santimita 30 zuwa 35 suna gajiyar da shi. Bakin bututun da ke zuƙar ruwa kuma yana kama ƙafarsa, ya kasa hawa, ya nutse. Kwaɗon ruwa ya mutu da nutsewa abin mamaki ne a ji, amma yana faruwa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne tanki na daban mai lita 30 zuwa 40 ga ƙananan kwaɗi uku. Ka sa matatar soso mai aiki da famfon iska, yashi mai laushi a ƙasa maimakon ƙananan tsakuwa da za su iya haɗiyewa, 'yar tukunyar ƙasa a kife da ƙofa don ɓuya, da tsiro mai faɗin ganye kusa da saman ruwa inda za su huta. Murfi dole ne, a toshe har ramin da waya ke fita, a bar tazarar iska kamar santimita 3 zuwa 5 tsakanin ruwa da murfin. Wanda ya fita ya faɗi ƙasa, cikin 'yan sa'o'i ya bushe. Kada ka zuba su ranar da ka haɗa tankin: matata tana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin da ke cinye amoniya su kafu, sai dai in ka matso tsohon soso daga tankin kifi mai lafiya. Kafin ka zuba su, abin gwajin ruwa ya nuna amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ƙasa da miligiram 20 a lita; na biyun nan sinadarai ne da ƙwayoyin ke mayar da amoniya zuwa gare su. Canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, da ruwan da aka cire wa kulorin, zafinsa daidai da na tanki. Abinci kuwa jan tsutsa daskararriya da aka narkar, ko yankakkiyar tana ƙanana-ƙanana, ko ƙwayar abincin kwaɗi mai nutsewa, a ajiye a ɗan faranti wuri guda kullum har su saba, sau 3 ko 4 a mako. Abin da ya rage bayan minti 20 a zuƙe shi.

Idan ka dage sai ka haɗa, haɗin da ke da ɗan dama-dama shi ne Xenopus ɗaya da kifin zinare mai gajeren jela wanda ya fi shi girma sosai, a tankin da bai gaza lita 200 ba, kana ba kwaɗon abinci da hantsaki a bakinsa, da wani tanki a ajiye. Ko a haka ina ganin wahalar ta fi daɗin kallon, ga shi Xenopus yana kai shekara 15, ba abin da za a gwada na wata biyu a watsar ba ne.

A lokacin bazara, in ruwa ya haura 30 aka kuma ɗauke wuta, kifin ne zai fara galabaita, don ruwan zafi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, amoniya kuma ta fi dafi. Famfon iska mai batir yana ceton tanki. Ka rage abinci, ka kuma kunna fanka ta riƙa busa saman ruwa in da hali.

Abu biyu game da kwaɗin su kansu. Suna iya ɗauke da ƙwayar salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi: a Amurka tsakanin 2009 da 2011 an gano ɓarkewar cutar da ta kama fiye da mutum 200, yawancinsu yara, daga irin waɗannan ƙananan kwaɗi. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa ruwan, kada a wanke kayan tanki inda ake wanke kwanuka, kada kuma a bar yaran da ba su kai shekara 5 ba su sa hannu. Na biyu, sabon kwaɗo a keɓe shi aƙalla wata ɗaya kafin a haɗa da wasu, saboda cutar fata ta fangas, wato naman gwari, da ake kira kitrid, wadda Xenopus ke ɗauka ba tare da alama ba amma take kashe ƙananan. Saboda ita ne ma ba a haɗa nau'in biyu, ba a kuma sakin kowannensu a kududdufi ko rafi in an gaji da kiwo; a mayar wa mai sayarwa ko a ba wani mai tanki.