Hotunan jaririna sun yi kyau, ni kuwa kuka nake yi idan ina shayar da shi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni mai jego ce, shekarata 23, kuma yau kwana 24 da haihuwar ɗana na fari. Ina gidan iyayena a Zariya ina wanka. Ana jibi suna maigidana ya turo mai hoto har gida, aka naɗe yaron da farin ƙyalle, aka kwantar da shi cikin kwando, aka yi ta ɗauka. Hotunan sun yi kyau ƙwarai, dangi suna ta yaɗa su a WhatsApp ana sa albarka. Babu ni ko a ɗaya, domin ranar fuskata a kumbure take, kuma gwaggona ta ce ba a san uwar ɗan fari da rawar kai a kan ɗanta ba. Abin da ke damuna shi ne, idan na kalli hotunan sai in ji kamar ɗan wata ne. Kan nonona ya tsattsage, kuma da ya kama sai hawaye, wani lokaci don zafi, wani lokaci haka kawai baƙin ciki ke taso mini. Ko ya yi barci ni ba na iya runtsawa. An ce nonona ba ya isarsa. Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Anti, ko ba na son ɗana ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya shi bisa tafarki nagari. Matar da ba ta son ɗanta ba ta kwana tana tuhumar kanta a kansa, balle ta jure tsagewar nono ta ci gaba da miƙa masa. Mata da yawa ba sa jin shaƙuwa ranar haihuwa, sai ta zo musu a hankali cikin makonni, musamman idan jiki na ciwo kuma barci ya ƙaurace.

Zan fara da hotunan, domin na ga sun tsaya miki a rai. Irin wannan ɗaukar hoto, wadda ta shigo mana daga ƙasashen Turawa ta kuma bazu ta Instagram, ana yin ta ne cikin makonni biyu na farko, lokacin da jariri ke nauyin barci kuma yake iya ƙudundunewa kamar yana cikin mahaifa. Mai hoto yakan jira yaro ya ƙoshi ya yi barci, ya gyara masa kwanciya, daga baya ya share ƙuraje da saɓar fata a kwamfuta. Yaron da ke cikin kwandon nan ba ya kuka, ba ya tumbuɗi, ba ya neman nono ƙarfe uku na dare. Ke kuwa ɗan da kika sani shi ne mai yin duk waɗannan, saboda haka ban yi mamaki ba da kika kasa gane naki a cikin wancan. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne an ɗauki hoton haihuwa an bar wadda ta haihu a bayan labule.

Alkunyar ɗan fari tarbiyya ce da muka gada, kuma ba ni da niyyar rushe ta. Uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta, ta kau da kai idan ana yabonsa a gaban surukai, wannan kawaici ne. Amma iyayenmu ba su taɓa nufin mai jego ta ɓoye ciwo ba, domin dalilin mayar da ke gida wanka ma shi ne a samu mai lura da ke. Kunyar da ta hana ki cewa ba ki barci ta wuce inda aka ajiye ta.

Yawancin masu jego sukan yi saurin kuka da fargaba daga kwana na uku zuwa na biyar, saboda sinadaran jikin da ciki ya ɗaga suna sauka gaba ɗaya bayan fitar mabiyiya, kuma wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Naki ya zarce haka, ga kuma rashin barci ko da yaro ya yi shiru, kuma waɗannan biyun suna cikin alamomin ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da larurar da ta shafi tunani, galibi damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Ba zan yanke miki hukunci daga wasiƙa ba, amma ina roƙonki kada ki jira arba'in. Ki koma asibitin da kika yi awo cikin makon nan, ki gaya wa likita ko malamar jinya abin da kika rubuto mini ba tare da ragi ba. Ciwo ne da ake warkewa, ta hanyar tattaunawa da ƙwararru, wani lokaci da magani, kuma akwai magungunan da ake sha ana shayarwa. Idan kuwa kika taɓa jin tunanin cutar da kanki ko yaron, ko kika fara jin muryoyi, to a ranar za a kai ki asibiti, ko da dare ne.

Ki lura da wani abu kuma. Idan baƙin cikin yana faɗo miki ne daidai lokacin da nono zai fara zuba, ya ɗauki 'yan mintoci ya wuce, akwai wani yanayi da likitoci suka sani wanda suke dangantawa da sauyin sinadaran ƙwaƙwalwa a lokacin sakin nono. Ba shi da alaƙa da so ko ƙi, kuma sanin hakan kaɗai yakan rage wa mace fargaba. Tunda kin ambaci kumburin fuska, ki sa a auna miki hawan jini, kuma ki yi hattara da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wanka, domin tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke garinku suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego.

Tsagewar kan nono galibi daga kamun yaro take. Idan kan nonon kawai ya kama, zai murje shi kuma ba zai samu abin kirki ba. Ki juyo da shi cikinsa ya manne da naki, ki jira ya wangale baki, ki sa ya haɗa da baƙin kewayen nonon, haɓarsa tana taɓa ki, leɓensa na ƙasa a waje. Bayan ya gama ki shafa ɗigon nonon a wurin ki bari ya bushe. Maganar rashin isa kuwa, kuka ba ma'auni ba ne. Jaririn da ke sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, yana jiƙa ƙunzugu sau shida ko fiye, kuma nauyinsa na ƙaruwa a sikelin asibiti, yana ƙoshi, kuma har wata shida ba ya buƙatar ko ruwa. Idan an gwada komai shayarwar ta gagara, ki tuna cewa aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu, ita ce kuma ta ce ba a kallafa wa rai sai iyawarsa, kuma ba a cutar da uwa saboda ɗanta.

Ki sami mahaifiyarki ita kaɗai ki gaya mata, ki kuma nuna wa maigidanki wannan amsa, a samu mai karɓar yaron tsakanin shayarwa da shayarwa ki sami barci. Sannan wata safiya, bayan kin yi wanka, ki zauna kusa da taga da shi a ƙirjinki, ki ba ƙanwarki waya ta ɗauke ku, babu kwalliya, babu kwando. Ba na yaɗawa ba ne, naki ne ki adana, kuma ina sa ran a cikinsa za ki gane ɗanki.

Tambaya: Hajiya, matata na gab da haihuwa kuma ina so a yi wa jaririn hoto kafin suna. Shin hasken kyamara na lalata ido? Kuma hoton nan da ake yi jariri ya yi tagumi da hannu biyu, babu haɗari? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Babu wata hujjar likitanci da ta nuna cewa walƙiyar kyamara ta yau da kullum tana lalata idon jariri, sai dai tana firgita shi, kuma hasken taga da hantsi ya fi fitar da hoto mai taushi. Hoton tagumin kuwa haɗi ne. Masu sanin aikin suna ɗaukar hoto biyu, a ɗaya ana riƙe da kan yaron, a ɗayan ana riƙe da hannuwansa, sai a haɗa su a kwamfuta a goge hannun babba. Wuyan jariri ba ya iya ɗaukar kansa, don haka duk mai hoton da ya ce zai saki yaron ya tsaya haka da kansa, ka dakatar da shi. Kada a rataye shi a ƙyalle, kada a ɗora shi a wuri mai tudu babu hannu a kusa, kada kuma wani abu ya rufe masa hanci.

Mai hoton ya wanke hannu, kayan shimfiɗar su zama wankakku, a kiyaye cibiya idan ba ta faɗi ba, kuma mai mura ya ɗaga zuwa wata rana. Idan yaron bakwaini ne, ko idonsa ya yi rawaya alamar shawara, asibiti ne gaba da hoto. Ku yi yarjejeniya da mai hoton tun farko cewa ba zai sa ɗanku a shafinsa na talla ba sai da izininku. Kafin ka biya kuɗi, ka tambayi maiɗakinka ranar da take jin ƙarfin jikinta, da kuma ko tana so a ɗauke ta tare da shi.