Takardar shaidata ta kusa ƙarewa: kuɗin kwas ɗin nan ba asara ba ne?

Wani mai ƙaramin kamfanin auna ingancin iskar cikin gine-gine ya rubuto mana cewa saura wata biyar takardar shaidar ƙwarewarsa ta ƙare, kuma bai halarci darasi ko ɗaya ba. Ya ce aiki na tafiya, to me zai sa ya kashe kuɗi da lokaci a kan karatu?

Malam, a sana'arka takardar nan jari ce, daidai da na'urar awon da ke cikin jakarka. Wanda ya kira ka ba ya ganin iska, ba ya kuma iya tantance lissafinka. Sunanka da hatimin da ke ƙarƙashin rahoto yake saye. Ranar da ka ɗauki fom ɗin neman kwangilar wani asibiti ko makaranta, ka tarar da gurbin lambar takarda da ranar ƙarewarta, a nan za ka san tsadar sakaci. Ba za a kira ka a yi maka bayani ba, fom ɗin kawai za a ajiye gefe.

Fara da duba ƙa'idar hukumar da ta ba ka takardar, domin kowace da tsarinta. A Amurka, ACAC, mai ba masu auna iskar cikin gini takardar shaida, tana neman maki 40 na ƙarin karatu duk shekara biyu. IICRC ta masu tsabtace gini da gyaransa tana neman awa 14 na karatu a shekara huɗu daga masu takardar matakin farko, NADCA ta masu wanke bututun iska kuwa maki 6 kowace shekara. Kada ka biya kuɗin kowane kwas sai ka tabbatar hukumarka na ƙirga shi. Ba abin takaici kamar ka zauna kwana biyu a aji, sannan a ce makin bai shiga ba.

Karatun kansa ma ba cika sharaɗi kawai ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninta na shekara na PM2.5, wato ƙura mai matuƙar ƙanƙanta da ke yawo a iska, daga microgram 10 zuwa 5 a kowace cubic mita ta iska. A 2023 ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gini, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 241 kan rage yaɗuwar cuta ta iska a cikin gini. Idan har yanzu tsohon adadi kake kafa hujja da shi, wani injiniya zai ja layi a ƙarƙashinsa, kai kuma kunya ta kama ka a gaban mai ginin.

Maganar kuɗi kuwa, kuskurenka shi ne ka ɗauke shi tamkar wani abu da ya faɗo daga sama. Haɗa kuɗin sabuntawa da na kwas da na tafiya, har da ladan kwanakin da ba za ka fita aiki ba, ka raba da yawan ayyukan da kake samu kafin wa'adi ya zagayo. Abin da ya fito, ka sa shi cikin farashin kowane aiki, ka riƙa warewa a asusu daban.

Wata biyar ɗin nan za su isa idan ka fara a makon nan. Nemi darussan intanet da hukumar ta amince da su, ka yi su da dare. Kowace takardar halarta ka ɗauki hotonta ranar da aka ba ka, ka haɗa su wuri ɗaya tare da rasit, ka kuma miƙa takardun sabuntawa tun saura wata guda.